Baba Tsaya-Tukuna da Kwat ɗin Hedimasta

Ƙarfe shida da rabi yake ɗaga ƙofar shagon. Ƙofar ta ƙarfe ce, duk layin ya san kukanta. Sai ya jona dutsen guga, ya shimfiɗa bargo a tebur, ya ɗora farin ƙyalle a kai, ya cika kwalbar yayyafi da ruwa. Kafin dutsen ya yi zafi ya shanye shayinsa a tsaye. Daga nan ya lasa yatsa ya taɓa gindin dutsen. In ya ji cas, aiki ya fara.

Shekara talatin da huɗu ke nan. Ƙarshen watan nan zai zare waya ya miƙa mukulli. Gara a faɗi abin da ya yi yanzu, yana raye, yana da bakin musu.

Shagon ɗaki ɗaya ne, yana fuskantar inda bas ke sauke mutane. Daga nan titi ya miƙe, benaye hagu da dama, duk ofisoshi. Mai neman aiki ba shi da wata hanya sai ta gaban shagon. Teburin gugar kuwa a bakin ƙofa yake. Hannu na aiki, ido na titi.

Ba fuska yake duba ba, kwala yake duba. Ya ce mai neman aiki ba ya ɓuya: fayil a hammata, takalmi ya sha goga, riga kuwa ta kwana a jaka ko ta sha matsi a bas. Da ya hango irinsa sai ya kafa dutsen a tsaye ya leƙo.

"Kai, tsaya tukuna!"

Daga nan sunan ya fito. Baba Tsaya-Tukuna. Ko mai kawo wasiƙa da shi yake tambaya.

Mutum zai ja burki yana waige-waige, a zatonsa wani abu ya yar.

"Ni, Baba?"

"Kai fa. Haka za ka shiga gaban mutane, kamar akuya ta tauna ka ta tofar? Ga labule can. Cire ka miƙo."

Kafin mutum ya gama jin kunya riga ta dawo da ɗuminta, kari ya fito kamar bakin wuƙa. Ba ya karɓar komai. Ba ya tambayar suna, ba ya tambayar inda za a. In mutum ya fara zuba masa tarihin kansa sai ya ce, "Adana bakinka, a ciki za ka buƙace shi."

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ne, shekara ashirin suna bango ɗaya, kuma shi ne babban shaida, ko da yake shaidarsa ba ta zuwa sai da tsiya. Shi ya ga ranar da wani dattijo ya sauko daga bas za shi taron yaye 'yarsa, wandonsa ya kece daga baya bai sani ba. Baba ya bi shi da tawul ya rufa masa, ya ja shi ciki yana yi masa hira kamar sun san juna tun suna yara, don kada 'yan tasha su gane. Shi ya ga malamar asibitin da biro ya fashe mata a aljihu, Baba ya tsuguna yana ɗiga wa tabon wani ruwa daga ƙaramar kwalba har ya ɓace. Kuma shi ne ya ga ranar da Baba ya tsayar da wani ƙato ya goge masa riga fes, sai daga baya aka gane wanki ne mutumin ya kawo wa wani shago, rigar ma tana cikin masu datti.

"Ciwo ne," in ji mai agogo. "Ba ya iya ganin yamutsattsen abu ya wuce. Ni kaina tsoro nake ji in tsufa a gabansa, kada ya ɗora min dutse a goshi."

Baba, kai ne mai ganin abin kunyar mutum kafin duniya ta gani, ka rufe, ka kuma manta. Kai ne wanda ɗaruruwa suka tuɓe a bayan labulensa, bai riƙe sunan ko ɗaya ba.

A cikin shagon ƙarafan rataya biyu ne. Na dama na kayan mutane. Na hagu na aro: rigunan da masu su suka ce sun bar masa, da waɗanda suka shekara uku ba a waiwaye su ba. In rigar baƙo ta fi ƙarfin guga, daga hagu yake zaro masa wata, ya ce in ya gama ya dawo da ita. Yawanci suna dawowa. Baba bai yarda da takarda ba, ya ce ruwa na cinye ta. Da zare yake aiki. Duk kayan da ya shigo sai ya ɗaura masa ƙulli a cikin kwala: shuɗi na mai shi, kore na aro. Da wannan zaren ya yi shekara talatin da huɗu bai ƙona ba, bai ɓatar ba, bai musanya ba. Ba shi da gidan bene, ba shi da mota. Wannan maganar ita ce dukiyarsa, kuma yana son jin ana faɗinta.

Sai wata Laraba, watan jiya.

An wayi gari da ruwa, titi duk kududdufi. Wajen tara da rabi wani mutum ya sauko daga bas, ɗan shekara talatin da wani abu, farar riga, fayil a ƙirji. Wata mota ta zo da gudu ta watsa masa taɓo tun daga kafaɗa har ƙugu. Ya tsaya bai ko zagi direban ba. Ya dubi rigar, ya dubi titin ofisoshi, ya juya zai koma bas.

"Kai, tsaya tukuna!"

Babu rigar aro daidai shi. Baba ya wanke kwalar da gaban rigar, ya busar da dutse, sauran taɓon ya bar shi yadda yake. Ya miƙa hannu hagu ya zaro kwat mai ruwan toka ya ɗora masa. Kamar a jikinsa aka ɗinka.

"Kada ka cire ko zafi zai kashe ka. Tafi."

"Baba, ban san yadda zan..."

"Na ce tafi."

Da azahar ta kusa 'yarsa ta fari ta iso daga wurin aikinta. Wata uku tana fama da shi ya je likita ya duba idonsa, shi kuma kullum da sabon dalili.

"Baba, yau ne fa. Na karɓo mana lamba."

"Uwata, dubi kaya. Wa zan bar wa? Kuma idon nan ƙalau yake. Daga nan ina hango furfurar mai agogo."

"Ƙarya ne," mai agogo ya ce ta bayan bango. "Hula ce a kaina."

Suna cikin haka Hedimasta ya shigo. Tsohon abokin ciniki ne, mutum mai tsayi, mai magana kamar yana kiran suna a aji. Ranar ce ranarsa ta ƙarshe a makaranta, ƙarfe huɗu za a yi masa taron bankwana. Ya zo karɓar kwat ɗinsa. Wannan kwat ɗin da shi ya shiga aji ranar farko, da shi kuma ya rantse zai fita. Har yanzu yana shigarsa ba wahala.

Baba ya bi ƙarfen dama da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Ya sake bi. 'Yarsa ta leƙa hagu ta zaro wani kwat mai ruwan toka.

"Wannan ne, ranka ya daɗe?"

"Wannan? Ni na yi kama da mai sa wannan?"

Kwat masu ruwan toka biyu ne a shagon. Ɗaya na aro, ga shi a hannunta. Sai Baba ya tuna. Jiya da ya gama gugar na Hedimasta ya duba ƙullin, ya ga kore, ya rataye shi a hagu.

'Yar ta ajiye kwat ɗin. Ta buɗe gwangwanin ɗinki ta ɗauko zare biyu ta ɗaga a gabansa.

"Baba, wanne ne shuɗi?"

Ya daɗe yana kallo. Ya nuna koren. Ta sauke hannu a hankali, ta kawar da kai.

Da wani ne da ya ce kayan na wurin wanki, a dawo gobe. Baba ya juya ya fuskanci mutumin.

"Ranka ya daɗe, na ba da shi aro. Kuskurena ne."

"Ka ba wa?"

"Wani bawan Allah."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Wane ofis ya shiga?"

"Ban tambaya ba."

"Lambar waya fa?"

Mai agogo ya leƙo da gilashinsa a ido ɗaya. "Malam, kada ka wahalar da kanka. Ni ma shekara ashirin muna tare, ban tabbata ya san sunana ba."

Ba wanda ya yi dariya. Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Duk malaman makarantata ni na turo maka su. Da bakina na ce musu wurinka ko allura ba ta ɓata. In huɗu ta yi ban ga kwat ɗina ba, a gaban taron nan zan warware maganata, da bakin da na ƙulla ta."

Baba ya zare wayar dutsen. Tunda ya buɗe shagon bai taɓa zare ta da rana tsaka ba.

"Uwata, riƙe min hannu. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Benaye nawa ne a titin nan, Baba?"

"Sai mu fara da na farko."

Hedimasta ya ce ƙafarsa ƙafarsu, ba zai bari su ma su ɓace masa ba. 'Yar ta rataya ɗayan kwat ɗin a hannu don ta riƙa nuna wa mutane launin. Mai agogo ya ja kujerarsa gaban shagon ya zauna gadi, yana ɗaga murya: "Ɗaya da minti ashirin! Ku yi sauri, agogona ba ya jiran tsofaffi!"

Shekara talatin da huɗu Baba yana tura mutane cikin titin nan, shi bai taɓa taka shi ba. Yana tafe yana jin kansa ƙarami. A ƙofar bene na farko mai gadi ya miƙe zumbur har sandarsa ta faɗi.

"Baba! Kai ne da kanka?"

"Ka san ni ne?"

"Haba Baba. Shekara tara. Zip ɗin wandona ya mutu a bakin shagonka, ka ɗinke ni a ciki, ka ce in na koma gida in sa almakashi. A cikin wandon nan aka ɗauke ni aikin nan."

"Ban tuna ba."

"Ai na san ba za ka tuna ba. Me ake nema?"

Bai ga mai kwat ba, amma ya zaro waya ya fara kiran masu gadin titin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa musu da ƙarfi cewa Tsaya-Tukuna ne da kansa ke cigiya. Wani ya ce ya ga mai kwat uku. Wani ya ce biyar. Ranar ruwa ce, kowa ya sa kwat.

A bene na uku wata sakatariya ta fito daga bayan tebur ta durƙusa ta gaishe shi. Ita ma ya manta ta. Ta ce ranar da ta zo neman aikin nan jaririnta ya yi mata tumbuɗi a kafaɗa, Baba ya karɓi mayafin ya wanke ya goge, ita tana zaune tana kuka, shi yana yi wa yaron wasa da murfin kwalba.

"Yanzu yana aji huɗu, Baba. Ya fi ni surutu."

Hedimasta ya yi gyaran murya ya nuna agogon bango. Biyu da rabi.

"Ku daina yawo," in ji ta. "Ku zauna. Mu sakatarori mun san wanda ke intabiyu kafin shi kansa ogan ya sani."

Ta kama waya. Cikin minti goma ta rubuta musu wurare uku. Na farko an tashi tun sha biyu, kuma ba mai kwat ruwan toka. Na biyu direbobi ake ɗauka, kowa da rigarsa mai gajeren hannu. Na uku wani kamfanin jigilar kaya ne a ƙarshen titi, hawa na huɗu, lif ya lalace.

Baba ya hau. A hawa na biyu ya tsaya ya dafa bango. Hedimasta, da ke haki a bayansa, ya ce, "Ko ka jira a nan?"

"Ni na bayar. Ni zan karɓo."

Uku da minti goma suka shiga wani dogon baranda mai benci. Mutum huɗu na zaune. Na biyu daga ƙofa shi ne, fayil a cinya, gumi na bin wuyansa, kwat a jikinsa bai ko ɓalle maɓalli ba. Tun goma yake nan. Ogan ne ya makara, yanzu aka fara kira.

Ya ga Baba, ya ga dogon mutumin da ke bayansa yana kallon kwat ɗin kamar ya ga ɗansa a hannun 'yan sanda. Ya gane. Ya miƙe.

"Ɗana, ka yafe ni," Baba ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na ba ka abin da ba nawa ba. Ga mai shi."

"Ba komai, Baba. Wallahi ba komai."

Ya ɓalle maɓalli ya zare hannu ɗaya. Taɓon ya bayyana, ya bushe ya yi ja, tun daga kafaɗa har ƙugu. Sauran masu jira suka sunkuyar da kai. 'Yar ta miƙo ɗayan kwat ɗin, amma kallo ɗaya ya isa: kafaɗar mutumin ba za ta shiga ba. Daga ciki aka kira na gabansa.

Hedimasta ya riga ya kama hannun kwat ɗinsa. Bai ja ba. Idonsa na kan fayil ɗin da ke hannun mai neman aikin.

"Wane aiki kake nema?"

"Akawun sito, ranka ya daɗe."

"In suka ce me ya raba ka da aikinka na baya?"

"Sai in ce... wato kamfanin ne ya..."

"Ɗaga kai! Da ni kake magana ko da takalminka? Sake."

"Kamfanin ne ya rufe, ranka ya daɗe. Shekara shida na yi musu, ba a taɓa neman kaya an rasa a hannuna ba."

Baba ya runtse ido.

"To haka za ka faɗa, da wannan muryar. Mai da hannunka ciki. Na ce mayar! Maɓallin sama kaɗai ake sawa, wa ya koya maka sa kwat?" Ya gyara masa kwala, ya kakkaɓe kafaɗa sau biyu. "A cikinsa na tsaya gaban yara saba'in gwiwata na kaɗawa, ba wanda ya gane. Ya san aikinsa. Kai dai kada ka ba shi kunya."

Ya juya ya fizgi na aron daga hannun 'yar ya zura. Shi siriri ne, ya shiga. Sai dai hannun ya tsaya tun kafin ya kai agogo, dogayen hannuwansa suka fito tsirara kamar na wanda ya girma a dare ɗaya. Na ƙarshen benci ya fara tuntsirewa, sauran suka bi, har mai neman aikin.

"Ku yi dariya," in ji Hedimasta. "Duk sai na tambaye ku jadawalin sau tara."

Haka ya je taronsa. Malaman da suka halarta sun ce da ya hau mumbari sai ya ɗaga hannuwan sama ya ce kowa ya yi dariyarsa ya gama, sannan ya faɗa musu wanda ya jawo. Ya ba da labarin duka. Ya ce ya taɓa gaya musu wurin mutumin nan ko allura ba ta ɓata, to yau ya zo gyara: kwat ya ɓata, kuma tunda ya saye shi bai taɓa zuwa inda ya fi dacewa ba. Ya ce wanda ya fasa kai masa kaya, shi da shi ne.

Baba bai ji wannan ba sai washegari. A lokacin yana zaune a matakala, hawa na uku, 'yarsa na gefensa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Lambar nan ta likita. Ta mutu, ko za a iya tashinta?"

Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani, an sa ranar aiki. Likita ya ce zai gani sarai, amma tsayuwar yini a kan dutse mai zafi ta isa haka, 'ya'yansa kuma suka haɗa baki. Mai neman aikin ya dawo da kwat ɗin Hedimasta da yamma, an ce masa ya fara aiki ranar Litinin. Baba ya ce madalla, ya juya kwat ɗin ciki da waje yana duba hammata.

Baba, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka tsaya a bayan labulenka, da waɗanda suka karɓi riga da ɗumi suka ruga ba su waiwayo ba, don sauri ne ya hana su, ba rashin kunya ba. Allah ya ba da lafiyar ido, ya sa ka huta hutun da ba ka iya ba.

Mu kuma da muka rage, ba wanda hannunsa ya rasa abin yi. Mai faci yana da iska, mai kanti yana da kujera da inuwa, mai mota ya san inda burki yake in ya ga kududdufi. Ba sai ka san mutum ba. Ba sai ya dawo ya gaya maka yadda ta kaya ba.

Da aka je aka gaya masa za a rubuta wannan, ya yi musu har ya gaji, mai agogo na zuga shi. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗi ɗaya.

"Kada ku ce ban taɓa ɓatar da kayan mutum ba. Na ɓatar, sau ɗaya, na wajen awa shida. Ku rubuta haka."

An rubuta, Baba.